Sulusin Me? Tarihin Rabo Cikin Rabo

Ya kai mai karatu, ga tambaya. In aka ce maka, "Rabi naka ne," za ka yi murna? Kada ka yi sauri. Fara tambaya tukuna: rabin me? Rabin rumbu daban, rabin dami daban, rabin tiya daban. In kuma aka ce, "Rabin rabi naka ne," to, an yi rabo cikin rabo ke nan. An raba abu, an ɗauki kashi guda, an sake raba wannan kashin.

Wannan lissafi ba baƙonka ba ne. Uwargida tana yin shi ran da ta auni rabin tiya ta kasa biyu, kashi guda na tuwon dare, guda na kunun safe. Mutum biyu suna yin shi in suka haɗa kuɗi suka ɗauki kashi ɗaya na watanda. Manomi yana yin shi wurin fid da zakka. Malam yana yin shi wurin rabon gado. Kuma a nan ne ake yawan cutar wanda bai sani ba, wani lokaci da gangan, wani lokaci cikin rashin sani.

Lissafin yana da tarihi mai tsawo, ya fi shekara 3,500. Bari mu bi sawunsa daga Masar har ƙofar gidanka. Duk inda muka yada zango, za ka tarar da tambaya ɗaya tana jiran mu: kashin me?

MASAR: GURASA 9, MUTUM 10

A zamanin Fir'aunoni babu kuɗin ƙarfe a Masar. Ana biyan ma'aikata da hatsi da gurasa da abin sha. Saboda haka magatakardan sarki dole ya iya rabo. In ya kasa, rigima ta tashi a wurin aiki.

Wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafi wani littafin lissafi. Ya rubuta shi a bisa takardar da ake yi da wata ciyawa ta bakin kogin Nilu. Tsawonta ya fi mita 5, naɗe ta ake yi kamar tabarma. Ahmes da kansa ya faɗi cewa daga wani tsohon rubutu ya kwafo, wanda ya girme shi da wajen shekara 300. A shekara ta 1858 wani Bature mai suna Rhind ya sayi takardar a garin Luksor. Daga baya aka kai ta babban gidan ajiyar kayan tarihi na Landan, a Ingila.

Cikin takardar akwai tambayoyi fiye da 80. Na farkon duk a kan rabon gurasa suke. Ɗaya daga ciki ita ce a raba ma mutum 10 gurasa 9. Amsar Ahmes ita ce, kowa ya samu yanka uku. Yankan farko kashi 2 cikin 3 na gurasa. Na biyu kashi 1 cikin 5. Na uku ɗan mitsitsi ne, kashi 1 cikin 30. In ka haɗa su, sun zama kashi 9 cikin 10 daidai. Dubi amfanin wannan rabo: abin da ke hannun wannan shi ke hannun wancan, babu mai harara. Dubi kuma ɗan ƙaramin yankan nan. In ka yanka gurasa 10, ka ɗauki yanka guda ka sake yanka shi 3, shi ne 1 cikin 30. Rabo cikin rabo ke nan.

Masarawa suna da wata al'ada mai ban mamaki. In suna neman sulusin abu, wato kashi 1 cikin 3, su kan fara fid da kashi 2 cikin 3, sannan su raba biyu. Misali, ana neman sulusin 30. Kashi 2 cikin 3 shi ne 20. Rabin 20 kuwa 10. Sun gane cewa rabin sulusi biyu, sulusi ɗaya ne.

Ma'aunin hatsinsu ana kiran shi hekat, yana cin kusan lita 5. Sun raba shi biyu, suka raba rabin biyu, suka yi ta rabawa har sau 6. Sai suka samu 1 cikin 2, 1 cikin 4, 1 cikin 8, 1 cikin 16, 1 cikin 32, da 1 cikin 64. Gwada da tiyarka ka gani. Kowane awo rabin na gabansa ne.

ƘASAR SIN: UWA DA ƊA

Masarawa sun iya aikin, amma hanyarsu tana da tsawo. Gajerar hanyar da yara ke koyo a lakwal, tana rubuce cikin wani tsohon littafi na ƙasar Sin, can gabas mai nisa. Sunansa Babi Tara na Lissafi. An gama tara shi wajen shekara 2,000 da suka wuce. Babinsa na farko a kan awon gonaki yake.

Ka san kashi yana da lamba biyu. In aka rubuta 2/3, lambar ƙasa, wato 3, tana faɗin gida nawa aka raba abu. Lambar sama, wato 2, tana faɗin gida nawa aka ɗauka. Mutanen Sin sun kira ta ƙasa "uwa", ta sama kuma "ɗa". Suna ne mai kyau, don uwa ce ke goyon ɗa. Dokarsu ita ce: in kana neman kashin kashi, ninka uwa da uwa, ka ninka ɗa da ɗa.

Gani ya kori ji. Samu tsinke ka zana gona mai kusurwa huɗu a ƙasa. Ja layi biyu a tsaye, ka raba ta 3. A ce kashi 2 naka ne. Yanzu a ce ka shuka gero a kashi 3 cikin 4 na naka. Nawa ke nan cikin gonar duka? Ja layi uku a kwance, ka raba ta 4. Ƙidaya fangalin da suka fito. Za ka samu 12, don 3 sau 4 shi ne 12. Uwa da uwa ke nan. Yanzu ƙidaya waɗanda ke cikin naka, kuma masu gero. Za ka samu 6, don 2 sau 3 shi ne 6. Ɗa da ɗa ke nan. Ashe gero ya ci fangali 6 cikin 12, wato rabin gonar.

Riƙe wannan zane a ranka. Duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune.

MADINA: SULUSIN ABIN DA YA RAGE

Yanzu mu zo ga zangon da ya fi shafar mu. Cikin Suratun Nisa'i, Alƙur'ani ya yanka ma magada rabonsu. Kashi 6 ne aka ambata: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Rubu'i shi ne 1 cikin 4. Tumuni 1 cikin 8. Sudusi 1 cikin 6. Lura da yadda suke jere. Rubu'i rabin rabi ne, tumuni rabin rubu'i ne. Sulusi rabin sulusi biyu ne, sudusi rabin sulusi ne.

In mutum ya rasu bai bar ɗa ko jika ba, kuma ba shi da ƴan uwa biyu ko fiye, sai uwa da uba kaɗai suka gaje shi, uwa tana da sulusi, saura na uba. Wato uba ya samu biyun abin da uwa ta samu. Wannan a fili yake.

A zamanin halifancin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, tsakanin shekara ta 634 da 644, sai wata mas'ala ta taso a Madina. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba. Ta bar miji da uwa da uba. Miji yana da rabi, babu gardama. Uwa tana da sulusi. To, sulusin me? Sulusin dukiyar duka, ko sulusin abin da ya rage bayan miji ya ɗauki nasa?

Mu ce shanu 6 ta bari. Miji ya kora 3. Saura 3. In aka ba uwa sulusin duka, shanu 2 ke nan, uba ya tashi da 1. In kuma aka ba ta sulusin abin da ya rage, saniya 1 ke nan, uba ya samu 2. Ka gani? Saniya sukutum tana rataye a kan tambayar nan.

Sayyidina Umaru ya yanke hukunci da sulusin abin da ya rage. Ta haka uwa da uba suka zauna yadda suke tun farko, uba yana da biyun na uwa. Zaidu ɗan Sabitu, wanda ya shahara cikin sahabbai da sanin gado, shi ma haka ya gani. Sayyidina Usmanu da Abdullahi ɗan Mas'udu su ma haka. Amma Abdullahi ɗan Abbas ya saɓa masu. Shi a ganinsa, sulusin dukiyar duka ne na uwa. Manyan mutane ne duka, kuma duk sun iya ƙidaya. Ba a kan lissafi suka saɓa ba. A kan abin da za a raba suka saɓa.

Mas'alar tana da ƴar uwa. Namiji ya rasu bai bar ɗa ba. Ya bar mata da uwa da uba. Mu ce tumaki 12 ya bari. Matar tana da rubu'i, tumaki 3. Saura 9. Sulusin 9 shi ne 3, na uwa. Uba ya samu 6. Da an bi ɗan Abbas, da uwa ta samu 4, uba 5.

Yanzu gwada dokar uwa da ɗa. A mas'alar farko, abin da ya rage rabi ne. Sulusin rabi: 3 sau 2 shi ne 6, wato 1 cikin 6. Saniya 1 cikin shanu 6, daidai. A ta biyu, abin da ya rage kashi 3 cikin 4 ne. Sulusinsa: ƴaƴa, 1 sau 3 shi ne 3. Uwaye, 3 sau 4 shi ne 12. Tumaki 3 cikin 12, wato rubu'i. A baki ana cewa sulusi. A hannu kuwa sudusi ne ko rubu'i.

Malamai suna kiran waɗannan mas'aloli biyu Umariyyatani, don Umaru ne ya hukunta su. Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a 795, ya bi hukuncin nan. Mazhabobi huɗu duk a kansa suke.

BAGADAZA: LITTAFIN WASIYYA

Da daular Musulunci ta faɗaɗa, sai dukiya ta yawaita, shari'u suka yawaita. Alƙalai da magatakarda da ƴan kasuwa suka buƙaci littattafan lissafi. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, akwai wani masani, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi. Wajen shekara ta 820 ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala. Daga sunan littafin nan ne Turawa suka samu kalmar aljebra. A gabatarwarsa ya bayyana cewa don bukatun mutane ya rubuta shi: gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon ƙasa da haƙar hanyoyin ruwa. Kusan rabin littafin a kan wasiyya da gado yake.

Me ya sa wasiyya ta ci wuri haka? Don shari'a ta tsayar da ita a kan sulusin dukiya. Mai wasiyya kuwa sau da yawa yana son ya ba mutum biyu ko uku daga cikin sulusin nan. Sai magana ta sarƙe.

Ga misali irin namu. Mutum ya bar jika 900 bayan an biya bashi. Ya ce, "Daga sulusin dukiyata a ba almajirina jika 120. A ba maƙwabcina sulusin abin da ya rage daga sulusin." Nawa maƙwabci zai samu? Mai gaggawa ya ji kalmar sulusi, sai ya ce jika 300. Wani ya ji sulusi sau biyu, sai ya ce sulusin sulusi, jika 100. Duk ba su yi daidai ba. Sulusin dukiya 300 ne. Cire 120 na almajiri, saura 180. Sulusin 180 shi ne 60. Wannan ne na maƙwabci. Sauran jika 120 su koma ga magada.

Mas'alolin Alhawarizmi sun fi wannan wuya. A cikinsu, rabon mutum na farko ma ba a san shi ba, sai a ce a ba shi daidai da abin da ɗa guda zai gada. Don warware irin wannan ƙulli ne ya yi aiki da aljebra.

Akwai wani dalili kuma da ya sa Larabawa suka ƙware a rabo cikin rabo. Harshensu yana da sunan kashi daga 1 cikin 2 har 1 cikin 10 kawai. Bayan nan babu suna. To, yaya za a faɗi 1 cikin 12? Sai su ce rabin sudusi. 1 cikin 20, rabin ushiri. 1 cikin 100, ushirin ushiri. Irin su 1 cikin 11 da 1 cikin 13, waɗanda ba su faɗuwa ta wannan hanya, sai suka kira su kurame. Wani masani na Bagadaza, Abul Wafa, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya rubuta ma magatakarda da ma'aikatan haraji littafi guda mai koya masu wannan hanya.

INDIYA: SADAKAR MAROWACI

Alƙaluman nan da kake karantawa, 1, 2, 3 har 9 da sifiri, asalinsu Indiya. Alhawarizmi ya rubuta wani littafin a kansu. Mutanen Indiya su ne suka saba rubuta ɗa a sama, uwa a ƙasa, amma ba tare da layi a tsakani ba. Malamansu sun ware ma kashin kashi babi nasa.

Wajen shekara ta 1150 wani babban masaninsu, Baskara, ya rubuta littafin lissafi mai suna Lilawati. A ciki ya kawo labarin wani marowaci da mai bara. Kuɗinsu ana kiran shi daramma, kuma daramma 1 tana daidai da wuri 1,280. I, wuri dai, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Damagaram da Katsina da Gobir. Da yawa daga cikin wurin da ya zo ƙasar Hausa, daga tsibiran Maldif ya fito, kusa da Indiya.

Mai bara ya roƙi marowaci. Marowaci ya ba shi sadaka mai dogon suna. Daga rabin daramma aka fara. Aka ɗauki kashi 2 cikin 3 na rabin. Aka ɗauki kashi 3 cikin 4 na wannan. Aka ɗauki humusinsa, wato 1 cikin 5. Aka ɗauki 1 cikin 16 na humusin. Sannan aka ɗauki rubu'in abin da aka samu. Tambayar Baskara ita ce: wuri nawa mai bara ya karɓa?

Mu bi a hankali. Kashi 2 cikin 3 na rabi, sulusi ne. Kashi 3 cikin 4 na sulusi, rubu'i ne. Rubu'in 1,280 shi ne 320. Humusin 320 shi ne 64. Raba 64 gida 16, ka samu 4. Rubu'in 4 kuwa 1. Wuri ɗaya tak! Duk tsawon maganar nan a kan wuri ɗaya ta ƙare.

Baskara wasa yake yi da almajiransa, amma akwai gargaɗi a ciki. Duk sa'ad da aka ƙara wani kashi a bisa kashi, abin raguwa yake yi. In mutum ya cika ka da jerin rabi da sulusi da rubu'i, kada yawan kalmomi ya ruɗe ka. Zauna ka lissafa.

MAGARIBA: ƊAN LAYIN TSAKANI

A ƙarnin nan na Baskara, wato ƙarni na 12, akwai wani malamin lissafi a yammacin arewacin Afirka mai suna Alhassar. Littafinsa shi ne mafi tsufa da aka samu mai ɗan layin nan da ke raba ɗa da uwa. Ɗan layi ne kawai, amma ya sauƙaƙa karatun kashi ƙwarai.

Wani yaro mutumin Pisa ta ƙasar Italiya, Leonardo, wanda daga baya aka sani da Fibonaci, ya zauna a garin Bijaya na Aljeriya, inda ubansa ke aiki cikin harkar fatake. A can ya koyi lissafin Larabawa. A 1202 ya rubuta littafin da ya taimaka wurin baza alƙaluman nan da ɗan layin nan cikin Turai. Ashe abin da mushe ke rubutawa a allon lakwal, daga nahiyarmu ya ƙetara teku, sannan ya komo mana.

YADDA YA ISO MU

Amma ba mu jira lakwal ba. Ilimin gado ya riga ya iso ƙasar Hausa ta hanyar hamada, tare da ayarin raƙuma da malamai. Ta Abzin ne Shehu Almagili ya biyo ya iso Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, Ibnu Abi Zaidin ne ya rubuta shi a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya. Ya rasu a 996. Cikin Risala akwai babin zakka, akwai babin gado.

Shaidar tana bakinka. Rabi kalmarmu ce ta Hausa. Amma sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, tumuni, tusu'i da ushiri, duk daga Larabci muka aro su. Tare da kalmomin muka karɓi lissafin.

Dubi zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ushiri ake fitarwa: dami 1 cikin dami 10. Wanda aka sha wahalar ban ruwa, kamar alkamar da ake ja ma ruwa daga rijiya, rabin ushiri ne. Mai tiya 400 na alkama, ushirinsa 40, rabin ushiri 20. Wato 1 cikin 20. Kuɗi kuwa, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo, rubu'in ushiri ne. 4 sau 10 shi ne 40. Cikin kowace jika 40, jika 1.

Dubi kuma tumunin takaba. In mai gida ya rasu ya bar ƴaƴa, matarsa tana da tumuni. In mata sun fi ɗaya, tumunin nan guda ne suke rabawa daidai wa daida. Mu ce ya bar jika 240 bayan bashi da wasiyya, da mata 3. Tumunin 240 shi ne 30. Kowace ta samu jika 10. Sulusin tumuni ke nan, 1 cikin 24. In wani ya zaci kowace tana da tumuni nata, zai fid da jika 90, ya ci ma sauran magada jika 60. In kuma mace ɗaya ce, jika 30 ɗin nan duka nata ne, kada wani ya rage mata ko dala. Da mamacin bai bar ɗa ko jika ba, da rubu'i matan za su raba, jika 60, kowace 20.

Gado yana da rassa da yawa, kuma magaji guda yana iya sauya rabon saura. Saboda haka rabon gado aikin malami ne da alƙali. Amma wanda ya iya lissafin nan yana zama wurin rabo da idonsa buɗe. Yana iya bin malam taki-taki, ya gane inda kowace lamba ta fito.

ABIN DA ZA KA RIƘE

Daga Ahmes har malamin unguwarku, hanyar warware irin wannan tambaya ba ta wuce matakai huɗu ba.

Na ɗaya, tambayi "kashin me?" Na duka ne, ko na abin da ya rage? Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, fara daga ƙarshen magana. Hausa da kanta ta jera maka. In aka ce "rabin sulusin gona," gona ce a ƙarshe, ita ce duka. Fid da sulusinta tukuna, sannan ka raba shi biyu.

Na uku, in ba a faɗi yawan abin ba, ninka uwa da uwa, ɗa da ɗa. In ka yi shakka, zana a ƙasa, ko ka kasa tsakuwa.

Na huɗu, duba aikinka. Kashin kashi kullum bai kai kashin da aka fid da shi daga ciki ba. Kuma in ka haɗa rabon kowa, dole ya komo daidai da dukiyar da aka fara da ita.

Ga tambayoyi uku, ka gwada tare da abokan karatunka.

1. Manomi ya samu dami 60. Ya ware sulusi don sayarwa. Rabin abin da ya ware ya kai kasuwa ran Juma'a. Dami nawa ya kai?

2. Wata mace tana da gyaɗa tiya 24. Ta sayar da rubu'i. Ta yi mai da sulusin abin da ya rage. Tiya nawa ta yi mai da su, kuma nawa suka saura?

3. Mutum ya rasu ya bar ƴaƴa da mata 4. Dukiyar rabo jika 320 ce. Nawa kowace mace za ta samu?

Kada ka dubi amsa sai ka gama. Ta farko, dami 10. Ta biyu, tiya 6 ta yi mai da su, saura 12. Ta uku, jika 10, wato 1 cikin 32.

In ka samu duka uku, koya ma mutanen gidanka, maza da mata. Ranar rabo ba ta sallama kafin ta zo. In ta zo aka ce maka sulusi, ko aka ce maki tumuni, a yi tambayar da aka yi a Madina: na me?